Kwandon Sharar Doña Otilia

Ƙarfe takwas na safiyar Litinin, ruwan da ya kwana yana zuba a Santa Rosa bai ɗauke ba, ya dai koma yayyafi. Eliezer ya shigo ofis takalminsa sharkaf amma zuciyarsa wasai. Shi ne mai kula da kwamfutocin kamfanin nan da ke fitar da ƙwayar kofi ƙasashen waje, kuma Asabar da Lahadi ya kwashe akwatunan imel na ma'aikata kaf daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, ba abin da ya tsaya masa.

Nahúm na sashen lodi yana jingine da ƙofa yana cin baleada, wata gurasa da ake naɗe wake a ciki, waken har gefen baki.

"Injiniya! Tun ɗazu nake jin kunnena ya yi wani iri, ashe gurnanin tsohuwarka ne babu. Ka yi mata ritaya ko sisi ba ka ba ta ba?"

"Goge bakinka tukuna, sannan ka yi magana da manya," in ji Eliezer yana dariya.

Sai ya ji an kira shi daga teburin karɓar baƙi. Doña Otilia ce, wadda ta fi kowa daɗewa a kamfanin, ita ce kuma kullum take ajiye masa rosquilla, ɗan biskit na masara, a gefen kofinsa.

"Ɗana, zo ka duba mini. Na buɗe kwandona babu komai a ciki."

Ya leƙa. "Ai haka ake so, Doña. Kwandon sharar imel ne. Ban ɗauko na kowa ba, don kada mu cika sabuwa da tarkace."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Edgardo ɗina yana ciki."

Ba wanda bai san labarin Edgardo ba. Ɗanta ne guda, ya kama hanyar ƙasashen arewa neman aiki shekarun baya. Duk garin da ya yada zango sai ya shiga shagon intanet ya aiko wa uwarsa hoto, wani lokaci har da muryarsa yana tsokanarta a kan girkinta. Adireshin ofis kaɗai ya sani, don ba ta da kwamfuta a gida. Daga baya saƙon ya yanke, sai gawarsa aka kawo.

"To me ya kai shi kwando, Doña?"

"Wanda ya riƙe aikin nan kafin kai ne ya koya mini. Akwatina yakan cika ya ƙi karɓar saƙo, ya ce abin da ke kwando ba ya shiga awo. Tun daga nan duk abin da nake ji da shi can nake kaiwa."

"Amma na aiko wa kowa sanarwa ranar Laraba, na ce a kwashe..."

"Na gan ta, ɗana. Na ga tana da tsawo, na ce wannan muhimmiya ce. Sai na adana ta a can, in karanta a natse."

Manaja Don Abundio ya yi wa makarantar unguwa alkawarin tsohuwar na'urar, kuma dokar kamfani ce sai an share faifan ciki tas kafin ta fita, saboda bayanan masu saye. Jiya da rana Eliezer ya tsaya a gabanta, har ya ce a ransa bari ya bar ta mako guda, ko wani zai nemi wani abu. Sai ya tuna babansa na jiransa su kalli ƙwallo, kuma ba ya son ya bar aiki da saura. Ya saka mata irin sharar da ke bin kowane lungu tana rubuta banza a kai, ya kulle ɗaki ya tafi. Kwafin ajiyar da ya yi ma daga abin da ya kwasa ne, babu kwando a ciki.

Ya roƙi direban da zai kai ta makarantar ya dakata. Ya shiga ɗan ɗakin bayan sito ya kunna tsohuwa, ta yi gurnaninta kamar ba abin da ya faru. Ya gwada duk dabarar da ya sani, ya kira wani abokinsa a Tegucigalpa, babban birni, ya gwada tasa. Faifan fayau yake. Nahúm ya leƙo da niyyar tsokana, ya ga fuskarsa, ya ajiye masa kofi ya fita.

Wajen la'asar Don Abundio ya dafa kafaɗarsa. "Ka bi ƙa'ida, ka yi sanarwa. Ba laifinka ba ne, samari."

Eliezer ya gyaɗa kai kawai. Shekara da shekaru yana wucewa ta bayan kujerar matar nan, sau nawa ya ga ta buɗe kwandon tana murmushi ita kaɗai, bai taɓa tambaya ba. Tambaya ɗaya ce da ta isa.

Da ya je ya gaya mata, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta zage shi, da ya fi jin sauƙi. Ta ce, "Muryar ma?" Ya ce har ita. Ta mayar da tabarau, ta ci gaba da jera takardun lodi.

Washegari babu rosquilla a gefen kofinsa, bai kuma yi tsammani ba. Da ta fita cin abincin rana, ya zauna a kujerarta ya shiga tonon kwamfutar teburin, inda kwamfutar kan ajiye guntayen abin da aka taɓa buɗewa. Yawanci tambarin kamfanoni ne da hotunan buhuna. Can ƙasa ya ci karo da wani ɗan hoto, bai fi kan babban yatsa ba, dishi-dishi: saurayi da jar hula a bakin titin jirgin ƙasa, ya ɗaga hannu. Shi kaɗai ya samu. Muryar ba ta nan.

Ya buɗe sabon wurin ajiya a akwatinta, ya sa masa suna Edgardo, ya saka hoton. Ya cire wa akwatin awo gaba ɗaya yadda ba zai sake cika ba, ya gyara kujerar yadda ya same ta.

Ta dawo ta zauna. Daga bakin sito yana hango ta, ta buɗe wurin ajiyar ta tsura wa hoton ido. Waya ta yi ƙara, ta ɗauka ta gaishe da mai kira da muryarta ta kullum, ɗaya hannun yana goge gilashin kwamfutar da bakin rigarta. Ba ta waiwayo ba. Eliezer ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar na'ura ya kai wa direba.