Dangin Zaidu Sun Iso Kumasi

Hamsatu mai beruwa ba ta taɓa wuce Dosso ba, sai shekarar da ta ɗaura niyyar zuwa Gana. A Dogon Dutsi ba wanda bai san ta ba. Ita ke tara matan unguwa su surfe wake, su niƙa, su murje garin ya zama ƙananan ƙwayoyi, su turara su shanya, har direbobin Yamai sukan tsaya bakin titi su aika a sayo musu.

Autanta Zaidu ya bi motocin albasa zuwa Kumasi tun yana saurayi. Can ya koyi gyaran mota, can ya auri wata 'yar Asante mai suna Abena, suka haifi yarinya, Firdausi. Yarinya ta yi wayo har ta shiga makaranta, kakarta ba ta taɓa ganinta ba sai a fuskar waya. Duk lokacin da Hamsatu ta tambayi ranar da za a kawo mata ita, sai Zaidu ya kama kame-kame. Ran nan ta matsa masa, ya ce, "Inna, a ƙasar nan ɗa na dangin uwa ne. Surukata ce ke da magana, kuma ba ta yarda ba."

"To, ni zan taho in ji daga bakinta," in ji Hamsatu.

Gari ya ɗauka. Samarin kasuwa masu wa'azi suka ce mata ƙasar giya ce da tsafi, ta kula da sallarta. Tsofaffin da suka yi cin rani can a zamanin ƙuruciya suka ce ta nemi laima. Ta saurari kowa, ta cika buhuna da beruwa, ta ƙulla yaji da kilishi, ta hau mota.

Bayan kwanaki a hanya, abin da ya fara kama idonta shi ne kore. Ta saba da ƙasar da ake hango mutum tun yana ɗan ɗigo a nesa, ga shi nan itatuwa sun rufe sama, ciyawa ta fi mutum tsawo, ba kuma dabbar da ke cinta. Awakin da ta gani gajejjeru ne kamar an rage musu ƙafafu. Ruwa kuwa ba ya sallama. Babu iska, babu jan hadari daga gabas, sai dai kawai ka ji shi a ka, mutane kuma su ci gaba da cinikinsu kamar ba da su ake ba.

A tashar Kumasi wata mai sayar da ruwa ta ce mata da Hausa, "Sannu da zuwa, ka gaji ko?" Hamsatu ta waiwaya ta ga ko akwai namiji a bayanta. Babu kowa. Zaidu da ya zo tarbarta ya yi dariya har da hawaye, ya ce Hausar zango, unguwar Hausawan can, ke nan, ba ta raba mace da namiji. Ta dube shi da kyau. Ya yi ƙiba, ya yi gemu, amma da ya durƙusa gaishe ta sai ta ga yaron nan dai da ta sani.

Abena ta karɓe ta da hannu biyu, da 'yar Hausarta ta tsince-tsince. Firdausi kuwa ta laɓe bayan ƙofa tana leƙe, sai da aka kwance kilishi ta fito.

Kwanakin farko Hamsatu kallo ta yi. A ƙaramar bas wani mutum ya miƙe da littafi a hannu ya yi ta wa'azi, fasinjoji suna amsawa, da ya gama wani ya tashi yana tallar maganin basir, su dai fasinjojin suka saya. Yaron mota ya miƙo mata canji da hagu, ya yi ta ba ta haƙuri kamar ya taka ta. Aka kawo mata fufu, sakwarar rogo, cikin miyar ja, ta kama tauna, Abena ta ce a'a, haɗiya ake yi. Ta gwada, ya tsaya mata a wuya, Firdausi ta ruga ta kawo ruwa tana ƙyalƙyala dariya. Da safe aka sayo wani abinci da suke kira wace, ana ta yaba mata shi. Ta buɗe ganyen da aka naɗe shi, ta ga shinkafa da wake ne da aka rina da karan dafi. Ta ce, "Ashe namu ne ya riga ni zuwa, ya canza suna."

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne mata. Su ke da rumfuna, su ke tsawata wa direbobi, su ke yanke farashi. Uwar Abena, wadda ake kira Mame Serwa, ita ce shugabar masu sayar da doya a babbar kasuwa, motar doya ba ta sauke kaya sai da saninta.

Ranar da aka kai Hamsatu gidanta, aka ba ta kujera, aka ba ta ruwa, kowa ya bi layi ya yi mata hannu. Sannan Mame Serwa ta tambayi abin da ke tafe da ita, ko da yake ta sani sarai. Abena ce ke fassara.

"Na zo in gaishe ku, in kuma roƙi a ba ni jikata ta ga gidan ubanta," in ji Hamsatu.

Mame Serwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Zaidu yaron kirki ne, ba ya shan komai, bai taɓa ɗaga wa 'yarta hannu ba. Amma tun da ya shigo cikinsu ba su taɓa ganin kowa a bayansa ba. Ranar aure abokan gareji ne suka tsaya masa. An yi haihuwa, an yi rasuwa, kullum shi kaɗai yake zuwa ya zauna a gefe. Ta yaya za ta ba da jininta a kai gidan da ba ta san akwai shi ba?

Abena ta fassara tana sunkuyar da kai. Zaidu ya zuba wa ƙasa ido. Maganar ta soki Hamsatu, ta kuma fi zafi saboda babu ƙarya a cikinta. Ta yi godiya ta tashi.

A hanya Abena ta gaya mata cewa ranar Asabar mai zuwa za a yi jana'izar kakarta, uwar Mame Serwa, wadda ta rasu tun watannin baya, gawar na ajiye a ɗakin sanyi. Hamsatu ta yi salati. A Dogon Dutsi wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga rufe shi. Abena ta ce a nan sai dangi sun hallara daga ko'ina, kuma ranar ce kowane suruki ke zuwa da mutanensa da kayan gaisuwa, a kira sunansu a gaban jama'a.

"Shi Zaidu wa ke raka shi?"

"Ba kowa, Inna."

Washegari Hamsatu ta yafa mayafi ta ce a kai ta zango. Ta bi gida gida tana sallama, tana tambaya ko akwai mutanen Arewa. Aka nuna mata wata tsohuwa, Kubra, 'yar Matankari kusa da Dogon Dutsi, wadda aure ya kawo tun tana budurwa. Da Hamsatu ta gaishe ta da harshen gida, tsohuwar ta riƙe mata hannu ta kasa saki. Kubra ta san kowa: masu albasa na Geceme, mahautan Tibiri, Zabarmawan Dosso masu sayar da yadi. Aka aika musu, suka taru a tsakar gidanta.

Wani ɗan kasuwa mai suna Auwal ya ce, "Hajiya, wannan ba jana'izarmu ba ce. Kiɗa suke yi, da rawa."

"Ba sallar gawa na kira ka ba, ɗana. Gaisuwar mutuwa za mu yi. Shekara nawa kana cin abinci a garin mutanen ga? Uwarsu ta rasu, ba ka iya cewa sannu? Ɗan'uwanku na zaune cikinsu kamar wanda ya faɗo daga sama, ku kuna nan." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wanda ba shi zuwa, shi faɗa mini yanzu."

Nan take aka shiga rabon aiki.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna a wani babban fili. Mutane ɗaruruwa cikin baƙi da ja, ganguna na tashi har ƙirji na amsawa. Surukai suka yi ta shigowa ƙungiya ƙungiya, mai lasifika na kiran sunayensu. Hamsatu ta bari sai da fili ya cika, rana ta ɗaga, sannan ta ce a tafi.

Ita ce a gaba, cikin farin leshi, Zaidu a damanta da babbar riga. Bayansu maza cikin fararen riguna da huluna, wasu da rawani, mahauta na jan rago fari mai ƙaho. Bayan maza sai mata, kowace da kwano a ka: beruwa da aka dafa tun da safe aka zuba mata mai da yaji da albasa, ga goro, ga turamen zane. Layin ya yi tsawo har wutsiyarsa na kan titi, motoci sun tsaya. Da suka shigo fili tsohuwa Kubra ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Makaɗa suka sassauta hannu, kowa ya juyo.

Mai lasifika ya sunkuya ya tambayi Zaidu su wane ne. Hamsatu ta ce, "Gaya mishi dangin Zaidu ne, daga Dogon Dutsi, ƙasar Nijar." Mutumin ya faɗa da harshen Asante, ya sake faɗa, ya ƙara da wani abu da ya sa fili ya ɗauki sowa.

Suka bi rumfuna suna gaisuwa daga dama zuwa hagu kamar yadda Abena ta koya musu, hannu bayan hannu, har Auwal da ya yi gardama. Da Hamsatu ta iso gaban Mame Serwa, ta riƙe hannunta ta ce, "Allah shi ba ki haƙuri. Uwa ba ta da madadi." Ba a fassara ba, ba a kuma buƙaci fassara ba.

Aka ba su rumfa guda. Can sai ganguna suka canza, Mame Serwa ta tashi ta shiga fili. Rawa take a hankali, ƙafa na jan ƙasa, hannuwa na juyawa kamar tana magana da su. Ta zagaya, ta zagaya, ta nufo rumfar baƙi. Da ta iso gaban Hamsatu sai ta juya baya, ta saki jikinta a kan cinyarta. Mace ce mai jiki, kujerar roba ta yi ƙara, Hamsatu ta rungume ta da sauri don kada su zube tare. Jama'a suka miƙe suna ɗaga yatsu biyu sama, alamar yabo.

Abena ta matso kunnenta tana kuka. "Inna, cewa take ta jingina da ke. A gaban kowa ta faɗa."

Hamsatu ta waiga ta nemi Zaidu. Kawunan Abena sun ja shi cikin rumfarsu, sun zaunar da shi a layin gaba, wani tsoho na dafe da kafaɗarsa. Kwanonin beruwa kuwa, kafin la'asar an sauke su fes, matan kasuwa suna tambayar Kubra yadda ake dafa ta.

Da Hamsatu ta je sallama kafin ta koma gida, ba ta sake tayar da maganar yarinya ba. Mame Serwa ce ta ce idan an yi hutun makaranta Firdausi za ta je. Ta ƙara da cewa ita ma za ta zo, don ba ta aika jikarta inda ƙafarta ba ta taka ba.

Suka kuwa zo, bayan an gama girbin gero, su huɗu har da Zaidu da Abena. Motar ta sauke su a tashar Dogon Dutsi da hantsi, 'yan kabu-kabu suka yanyame su kowa na jan jaka. Hamsatu da ta zo tarbarsu ta ce a ɗauki kaya, amma mutane da ƙafa za su tafi. Ta goya Firdausi a baya duk da girmanta, ta kama hannun Mame Serwa, ta bi da su ta tsakiyar kasuwa, hanyar da ta fi kowace nisa zuwa gida. Masu rumfuna suna miƙewa, mata suna leƙowa ta kan katanga. Duk wanda ya tambaya sai ta tsaya ta ba shi amsa da ƙarfi, yadda na nesa ma zai ji.

Mame Serwa na share gumi tana kallon jan dutsen da ya tsaya a bayan gari. Ta ce wani abu, Abena ta yi dariya ta fassara: tana tambaya ko mata na hawansa.

"Gobe da sassafe," in ji Hamsatu. "Ki ce mata ta sa takalmi mai kyau."