Masu Talla a Makokin Zuwaira

Zazzaɓi ne ya kayar da ni bayan azahar, ranar da autata Hansatu ta karanta mini abin da ake rubutawa a shafin yayarta Zuwaira. Marigayiya ce ta buɗe shafin nan a waya, tana koya wa mata rini, a can kuma aka sanar da rasuwarta. To, tsakanin "Allah ya jiƙanta" da "Allah ya ba da haƙuri", sai tallan maganin basir, da caca, da man bilicin. A kan gawar 'yata! Hansatu ta ce, "Inna, bari in rufe wurin sharhin, kowa ya huta." Nan barci ya sace ni.

Sai ga ni a tsakar gida, amma ƙasar ta zama ruwan baba na rini, tabarmi na yawo a kai kamar kwale-kwale. Masu gaisuwa maƙil, kowa a lulluɓe. Na ce wa ta kusa da ni, "Sannu da zuwa."

Ta ce, "Danna nan ki yi fari."

Na fizge mayafinta. Babu mutum a ciki, sai fara ta tashi buu, ta sauka a kan zannuwan da Zuwaira ta shanya, tana ci.

Na kwarara ihu, "Ina ubanku? Yau sai an bi mini haƙƙina!"

Wani hankaka a kan katanga, da rawanin alƙalai, ya ce, "Baiwar Allah, wa kike ƙara?"

"Su mana! Makaho ne kai?"

"Ba su da uwa, ba su da uba, ba su san an yi mutuwa ba. Ba a shari'a da iska. Ga ƙofa can, rufe."

Na taka ruwan, na sa kafaɗa na tura ƙyauren. Saura ƙiris ya rufu sai wani hannu ya shigo ta tsagar, shuɗi har wuyan hannu. Muryar mace ta ce, "Mama, daga nesa nake. Ban taɓa ganinta ba, amma da rininta nake ciyar da marayuna. Gaisuwa na zo."

Ƙyauren ya ce, "Ni ba na tantance ƙafa. In na rufu, na rufu."

Fara na kwararowa ta kaina, hannun na neman nawa. Firgigit na farka, jiƙe da gumi.

"Hansatu! Kar ki rufe. Tun da uwata ta haife ni ban ga an rufe ƙofar gidan makoki ba. Zauna ki karanto ɗaya bayan ɗaya. Na mutane ki bari, na 'yan iska ki share, ni kuma in tsine."

"Inna, ai ba sa ji."

"Allah na ji. Karanto."