Muryar da Inna Ta Yarda da Ita

Tsintsiya kawai Auta ta zura ƙarƙashin gadon Inna, sai ta ji ƙarar gilashi. Ta durƙusa ta leƙa. Kwalabe ne jere reras a jikin bango kamar za a buɗe shago, kowace da hoton wani ƙato yana nuna ƙwanji. Ta jawo ɗaya. Ba ta buƙatar karanta rubutun, don ta haddace shi fiye da lambar wayarta: Sha-Ka-Miƙe, maganin hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi da duk abin da ya gagari asibiti. A bayan kwalaben akwai leda ɗaure. Ta kwance, ta tarar da ƙwayoyin hawan jinin da take kawo wa Inna duk wata, ko ɗaya ba a ɓalle ba.

Inna na kwance yadda aka sauke ta daga asibiti da safe, hannun dama a yashe, baki ya karkace, ido kuwa tar. Ƙaramin rediyonta, wanda aka ɗaure murfin batirinsa da roba, yana kusa da kunnenta kamar kullum.

“Yaya,” Auta ta kira wanta, wanda ke tsaye bakin ƙofa da kayan garejinsa duk baƙin mai. “Tun yaushe Inna ta daina shan wannan?”

Ya dubi ledar, ya sosa ƙeya. “To ai na ɗauka kin sani. Ni take aike in sayo kwalbar. Ta ce ke da Likita kun ce an samu wanda ya fi ƙwaya.”

“Mu? Yaushe muka ce?”

Daga kan gado Inna ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito a ja.

“Ke kika ce. A rediyo.”

Da a ce da faɗa ta faɗa, da Auta ta ji sauƙi. Amma da alfahari ta faɗa, irin wanda take yi idan maƙwabta suka taru tana ce musu su yi shiru autarta za ta yi magana. Auta ta zauna daɓas a ƙasa da kwalbar a hannu. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta.

* * *

Shekara da shekaru ke nan Auta na gabatar da shirin Dandalin Gari a ƙaramin gidan rediyon gwamnati da ke bayan kasuwa. Yau masu zanen bango da ’yan wasan kwaikwayo, gobe jami’in kashe gobara yana roƙon mutane su daina barin dutsen guga a jone, jibi lauya yana bayanin cewa beli ba a saye. Masu sauraro suka laƙaba mata Uwar Dandali, ita kuma ta karɓa hannu bibbiyu. Amma ranar lafiya ce ranar da ko mai shayin bakin titi yake ƙara murya.

Likitan shirin ba ya zuwa situdiyo, asibiti ba ya sakinsa. Ta waya yake magana. Idan lokacin talla ya yi, mai kula da na’ura, wani dattijo da kowa ke kira Injiniya, sai ya danne layin Likita, shi kuma ya samu ya leƙa marar lafiya kafin a dawo da shi. A wannan tsakanin Auta ke ɗaukar takarda ta karanta tallar Sha-Ka-Miƙe da bakinta. Mai maganin ne ya kafa sharaɗin: kada a sa kiɗa tsakani, wai kiɗa na kore hankalin jama’a, kuma lallai Uwar Dandali ce za ta karanta. Saboda haka abin da ke isa kunnen mai sauraro shi ne, “Mun gode, Likita. To jama’a, ga albishir ga masu hawan jini.” Murya ɗaya, numfashi ɗaya. Auta ta sha karantawa tana tunanin cefane, ba ta taɓa tsayawa ta ji yadda abin ke sauka a ɗakin tsohuwa ba.

Washegari ta shiga ofishin Manaja da kwalbar a jaka. Manaja mutum ne mai fara’a, irin wanda zai hana ka abu ka fita kana yi masa godiya. Ya jajanta, ya yi wa Inna addu’a mai tsawo, sannan ya saurari bayaninta yana gyaɗa kai.

“Ranka ya daɗe, ba na ce a rufe gidan ba. A cire tallar nan daga shirin lafiya kawai.”

Ya ɗaga yatsa. “Saurara. Kin ji wannan ƙarar?”

Janareta ne ke ruri a bayan gini.

“Ba da addu’a yake tashi ba. Rabon da a aiko mana da mai daga sama har na manta. Mai maganin nan shi ke kunna mu, har da shirinki na lauyoyi da masu zane. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, kin san sauran.”

“Askin nan a kan mahaifiyata aka yi shi, ranka ya daɗe.”

“Ai a ƙarshen tallar kina cewa a tuntuɓi likita.”

“Da gudu nake faɗa. Kuma wane likita za su tuntuɓa, bayan sun ɗauka shi ya aiko ni?”

Manaja ya yi murmushi ya mayar da kwalbar gabanta da ɗan yatsa. “Hankalinki a tashe yake, kuma ba laifinki ba ne. Ki je ki huta. Gobe ki karanta takardarki.”

Ta fito ba ta yi godiya ba. Ta san abin da aikin nan yake a gidansu: da shi ake sayen ƙwayar, da shi za a kai Inna gashin ƙashi. Ta kuma san cewa gobe akwai wasu tsofaffin da za su kara kunne a rediyo, kowace da gadonta da ƙarƙashinsa. Kafin ta kai bakin titi ta gama yanke shawara.

* * *

Situdiyon ɗan ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da soso, ga tebur, ga makirufo da aka naɗe kansa da zani, ga gilashin da ya raba ta da Injiniya. Kafin jar fitilar fara shiri ta kama, ta leƙa wurinsa.

“Baba Injiniya, alfarma nake nema. Yau idan talla ta zo, kar ka danne layin Likita.”

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ji labarin Inna, kamar yadda duk gidan ya ji.

“Uwar Dandali, kin san abin da kike jawowa?”

“Na sani.”

“To. Yatsan nan nawa ya tsufa, yakan yi mantuwa. Ni dai ban ji kin ce komai ba.”

Shiri ya kama hanya. Likita ya amsa tambayar mai ciwon kai da ta mai kumburin ƙafa, ana jin hayaniyar asibiti a bayansa. Ya rufe da abin da yake rufewa da shi kullum, cewa maganin hawan jini ba a hutu da shi, ko mutum ya ji garau.

Auta ta ɗauki takardar. 

“Likita, yau kar ka ajiye waya. Akwai abin da nake karantawa duk mako da zarar ka yi shiru. Ina so ka ji da kunnenka.”

Ta karanta a hankali, kalma bayan kalma, ba tare da zaƙin da take zubawa ba. Albishir ga masu hawan jini. A yi ban kwana da ƙwaya. Kwalba ɗaya ta isa shaida. Da aka cire wa maganar kwalliya, ita kanta sai ta ji ta tsirara.



“A cikin shirin nan ake karanta wannan?” in ji Likita.

“Bayan maganarka kai tsaye.”

“Shi ya sa.” Ya ja numfashi. “Shi ya sa ake kawo mini mutane a sheme, in tambaya me ya sa suka bar magani, ’yan uwansu su ce ai ni na faɗa a rediyo. Ina ta ɗauka ruɗewa ce. Jama’a, ku ji ni da kyau. Ban san wannan ruwan ba, ban san me ke cikinsa ba, ban taɓa cewa a sha ba. Duk wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda shi, ya je a auna shi yau, kada ya jira gobe.”

“Mahaifiyata na cikin waɗanda suka ajiye,” Auta ta ce. “Tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Tana jina yanzu. Inna, abin da Likita ya faɗa shi ne gaskiya.”

Fitilun waya suka kama gaba ɗaya. Wata mata ta ce mijinta direba ne, a kan sitiyari ya faɗi, kuma kwalbar na cikin motar. Wani ya bugo a fusace ya ce shi ya sha ya ji daɗin jikinsa, hassada ce kawai ta ’yan boko. Auta ta bar shi ya gama, ta tambaye shi yaushe rabon da a auna jininsa, sai ya kashe wayar. Wata yarinya ta tambayi yadda za ta karɓe kwalbar daga hannun kakarta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba.

Ta cikin gilashi Auta ta ga Manaja ya shigo, fara’ar nan duk ta zube. Yana yi wa Injiniya alama ya yanke. Injiniya kuwa ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana neman wani abu da bai ɓata ba. Sai da Manaja ya miƙa hannu da kansa ya danna. Jar fitila ta mutu, kiɗa ya maye gurbinta.

* * *

Ba a kore ta ba, aikin gwamnati ba a korar mutum da gaggawa. An dai mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin kaset, inda ba makirufo sai ƙura da kyankyasai. Likita ya ce ba zai ƙara ɗaukar wayar gidan ba muddin tallar na nan. Aka ba wani saurayi shirin, aka ce ya riƙa karanta shawarwarin lafiya daga takarda.

Auta ba ta zauna jiran a tausaya mata ba. Kullum ta tashi aiki sai ta ɗauki buhu ta bi gidajen unguwa, ta fara da ƙawayen Inna. Ba ta buƙatar gabatar da kanta. Sallama kawai take yi, a ce daga ciki, “Wannan ai Uwar Dandali ce, shigo.” Ta zauna ta yi bayani, wani gidan a miƙo mata kwalba, wani gidan a rantse babu alhali tana hango ta bayan labule. Yaya ya ce tana wahalar da kanta, gari ya fi ƙarfin buhu ɗaya. Ta ce muryar da ta shigar da kwalbar ita za ta fitar da ita. Daga baya shi ma ya fara ajiye buhu a gareji yana tare direbobi.

Ranar lafiya ta zagayo, da yamma, tana zaune bakin gado tana murza wa Inna yatsun hannun da ya mutu. Rediyo na kunne, don Inna ba ta yarda a kashe. Saurayin ya gama karatunsa yana tuntuɓe da sunayen cututtuka. 

“To jama’a, ga albishir ga masu hawan jini.”

Auta ta daina murzawa. Muryarta ce, da zaƙinta da komai. Ta tuna: an taɓa naɗar tallar saboda ranakun da take hutu. Ba su ma buƙatar ta.

Fuskar Inna ta washe, rabin bakin da ke motsi ya yi murmushi. “Auta,” ta ce, tana nuna rediyon da hannun hagu. Sannan idonta ya gangara wajen ƙarƙashin gado.

Auta ta rage muryar rediyon. Ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta ɗauko kofin ruwa, ta tallafo kan mahaifiyarta.

“Inna, ga ni nan a gabanki. Waccan tsohuwar magana ce. Wannan za ki sha.”

Inna ta dubi rediyon, ta dubi ’yarta, ta sake duban rediyon.  Sannan ta buɗe baki ta karɓa, ruwan na zuba ta gefen da ya karkace. Auta ta share mata da bakin mayafi.

Ta sa takalmi ta ɗauki buhunta. A waje, daga tagar maƙwabta, daga shagon tela, daga teburin mai shayi, muryarta ce ke tashi tana cewa kwalba ɗaya ta isa shaida. Ta tsaya a ƙofar gidan farko ta jira tallar ta ƙare, don kada a ji ta sau biyu, sannan ta yi sallama.