Wutsiyar Layin da Ta Yanke

Ƙaninta ne ya kawo iyayin. Ya ce kantin magani babba kamar nata bai kamata a riƙa buga farashi tsirara ba, sai da alamar kuɗi a gaba. Da safe ya zauna a kwamfuta ya saka ta, ya kuwa yi kyau. Takardun da ake mannawa a jikin kwalin magani suka fara fitowa da alamar ras. Har godiya ta yi masa.

Bayan azahar tana manna wata takarda sai idonta ya tsaya a kai. Maganin zuciya ne, ta san shi kamar tafin hannunta: ƙwaya ɗaya duk bayan awa 12. Amma a takardar an rubuta: "Ƙwaya ɗaya duk bayan awa." Daga nan sai fili.

Ta ƙwala wa ƙanin nata kira.

"Kai, zo nan! Ina sha biyun ta tafi?"

Ya leƙo yana taunar biro. Da ya duba, sai biron ya faɗi ƙasa.

"Yaya, alamar ce. Ke kina ganinta harafi ɗaya, amma a cikin na'ura gurbi uku take ci. Tsohuwar na'urar nan kuwa gurbi take ƙirgawa. In layi ya cika, sai ta datse wutsiya."

"Wane layi ne yake cika?"

"Mafi tsawo. Na wannan maganin kaɗai."

Ba ta tsaya zaginsa ba, duk da zagin yana bakinta. Mutum ɗaya ta sayar wa maganin nan yau, tsohon telan da ke bayan kasuwa, ya saya wa matarsa. Abin da ya fi tsorata ta shi ne halinsa. Da wani ne, da ya sha yadda ya ga dama, ya manta da takarda. Shi kuwa tela bai taɓa yanka yadi bai auna sau biyu ba, kuma abin da aka rubuta masa shi yake bi ko da sama za ta faɗo.

Ta kira wayarsa, tana ta ringi ba a ɗauka. Ta fita da farar rigar aiki a jikinta, ta ratsa tsakanin motoci ana yi mata ham, takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi a nan. Ko addu'a ta kasa haɗawa.

Shagon a buɗe yake, keken ɗinki a rufe da ƙyalle. Ta wuce ɗakin baya ba sallama.

Matar tana kwance a kan katifa, gumi ya jiƙa mata wuya. Tela yana zaune a gefenta, agogo a gwiwarsa, kofin ruwa a hannu. Da ya gan ta sai ya washe baki.

"A'a, 'yata, da kanki? Ai ba mu yi wasa ba. Ɗinki ma na ajiye don kada lokaci ya wuce ni."

"Baba, nawa ta sha?"

Ya ɗaga fallen maganin yana nuna mata ramukan da suka zama fanko, cike da alfahari.

"Ko ɗaya ban tsallake ba. Tana ta cewa ƙirjinta na yi mata wani iri, idonta na ganin rawaya. Na ce mata ta daure, maganin ne yake aiki."