Jakar Mutum Ɗaya

Sardar Mehdi, shugaban 'yan dakon masu hawan dutse, bai iya kwana-kwana ba. Ranar rubuta sunaye ya dubi Rozi Ali ya ce, "Kayan kamfani kilo ashirin da biyar ne, ba ni na yanka ba. Abin da ka ɗora a kai, ruwanka. Bara kai ne na ƙarshe a kowane zango, har Turawa na tambaya ko kakanmu muka ɗauko. Bana in na ga bargon nan a bayanka, ka juya gida da shi."

Bargon na auduga ne, kilo biyar in ya bushe, kuma a kan ƙanƙarar tsaunukan Baltoro ba a taɓa ganin ya bushe ba. Shekara ashirin da uku Rozi na ɗaukarsa. Kazim, yayan matarsa, shi ke ɗaukar tamfol da tukunya. In an sauka a zango sai su shiga zagayen duwatsu, su ja tamfol, su haɗa baya a ƙarƙashin bargo ɗaya, kamar yadda kowa ke yi da abokin kwanansa. Yanzu Rozi ya haura hamsin, gwiwarsa ta dama ta fara faɗin albarkacin bakinta, kuma ban da dako babu abin da ya iya da wani zai nema.

Washegari da hantsi Rozi da Kazim suka shiga shagon Haji Nisar a tsohuwar kasuwar Skardu. Haji na sayar da kayan da masu hawan dutse suka bari, waɗanda suka koma gida da waɗanda ba su koma ba. Shi ba ya tambaya, kuma ba ya son a tambaye shi.

Ya sauko da wata jakar barci ja, ya ɗora a sikeli. Ko kilo ɗaya ba ta cika ba.

"Gashin agwagwa ne zalla," in ji Haji. "Ka dunƙule ta, ba ta fi kan jariri ba."

Rozi ya ɗaga ta, ya ji kamar an raina masa hankali. Kazim ya shafa ta, ya yi tari, ya ce, "Saya kawai, mijin ƙanwata. Agwagwar da ta ba da gashinta ma ta fi ka sauri a tudu."

"To kai fa, Yaya?"

"Ni ma ciki zan shiga. Nawa nake?"

Suka gwada a daɓen shagon. Rozi ya shiga, Kazim ya zura ƙafa ɗaya, ɗinki ya yi ƙara, Haji ya yi salati. Suka ce to a buɗe ta a shimfiɗa kamar bargo. Zif ɗin ya tsaya a daidai ƙugu, domin wani masani a wata ƙasa mai nisa ya lissafa cewa rabin zif ya fi cikakke rashin nauyi. Rozi ta rufe, sai kafaɗar Kazim guda ɗaya.

"Babu ta mutum biyu?" Rozi ya tambaya.

Akwai. Haji ya jawo ta daga ƙarƙashin kanta da hannu biyu. Ta masu kwana kusa da motarsu ce. Sikeli ya nuna kilo huɗu da rabi.

"Madalla," in ji Kazim. "An rage maka nauyin albasa uku."

Sai Rozi ya ce to a kawo jaka biyu, kowa da tasa, ko da akuya za ta tafi a kai. Haji bai yi murna ba, abin da ba a saba gani ba a wurin mai shago. Ya ce shi yana da yadda yake gwada mutum kafin ya sayar masa: ka shiga, a ja zif, ka kwanta har a shanye butar shayi, sannan ya sa hannu a ciki.

"Jakar nan ba murhu ba ce," ya ce. "Ba ta ba da zafi. Naka take riƙewa ta mayar maka."

Rozi ya fara. Kafin a kai rabin buta yana gumi. Haji ya sa hannu, ya ce ana iya gasa gurasa a nan. Aka kaɗe jakar ta huce, Kazim ya shiga, fuskarsa kawai a waje, yana zagin wanda ya ƙirƙiro ta. Aka dafa wani shayin, irin nasu mai gishiri, aka shanye, Haji ya ƙara masa lokaci don mutunci. Da ya fito, Haji ya zura hannu har gwiwa, ya daɗe yana lalube, kamar mai neman abin da ya faɗi.

"Kazim," ya ce a hankali, "kamar ba wanda ya kwanta."

Nan ma cikin gari ne, da rana, a watan Yuni.

Kazim ya yi dariya har tari ya ƙwace ta. "Ka ji, Rozi? Shekara ashirin da uku ina satar zafin bayanka, ko godiya ban taɓa yi ba."

Rozi ya san ƙafafun Kazim, sanyinsu na ratsa safa biyu, ya sha zagin mai su. Bai taɓa kawo wa ransa cewa aikin da yake yi a ƙarƙashin bargon ya fi wanda yake yi da rana ba. Ya tambayi Haji ko akwai mai kauri. Akwai, amma kauri ba ya riƙe abin da babu. Ya tambaya ko Kazim zai ɗauki bargon, shi ya karɓi tukunya da tamfol. Kazim ya ce ƙirjinsa da ƙyar yake kai tukunyar, kuma nauyin dai bai bar bayan ɗayansu ba. Rozi ya ce ko wani zai haɗa baya da Kazim. Kowa na da nasa abokin, samari kuwa duk sun koma jaka.

Haji ya cusa jar jakar a ƙaramin buhunta ba tare da an ce ya cusa ba. Rozi ya biya.

Sardar Mehdi na zaune a bakin ofishin kamfani da takardar sunaye a cinya. Ya karɓi buhun, ya jefa sama ya cafe, ya ce, "Yau ka zama mutum. Jibi da asuba mota za ta tashi."

"Sardar," in ji Kazim, "ka ja layi a kan nawa. Sha'ir ɗina na son ban ruwa."

Kowa a wurin ya san gonar Kazim ba ta fi tabarma biyu ba.

"Yaya, tsaya mana," in ji Rozi. "A sake dubawa."

"A duba me?"

Rozi ya buɗe baki. Sardar ya ɗaga biro, ya jira shi, har ya fi yadda ya saba jiran kowa. Sannan ya ja layin, ya kira na gaba.