Shaiɗanun Wada

"Ɗaga shi sama, Sabo, haske ya ratsa," in ji Wada daga kan tabarma.

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da kunun da na kawo masa. Ya daɗe a kwance, numfashi sama-sama. Sabo wanzami ya kara masa wani madubin kallon hotuna mai ido biyu a fuska, ya karkata shi wajen taga.

A Fot Lami, babban birnin Chadi, Wada ya samo madubin da katunan hotunansa, wurin wani Bafaranshe da ya yi wa kuku. In ka leƙa, sai ka ga 'yan mutum-mutumin yumɓu tsaye kamar ka taɓa su: Iblis a kan karaga, ƙirji cike da lambobin yabo, ƙwarangwal suna zubewa gaisuwa, idanunsu jajir. Wada yakan ce sarkinsu Faransawa suke wa shaguɓe, tunda baki bai isa ya faɗa ba.

Ni da shi muka tako daga Chadi har Makka, muka kafa bukkoki jikin juna a unguwar Misfala. Shekara da shekaru ni kaɗai yake nuna wa, a ɓoye, saboda 'yan hisba. Sai a bara ga Sabo ya zo, tsohon sojan Faransa da ya tsira daga babban yaƙin Turawa, wanda ya iya karanta rubutun ƙasan hotunan. Tun daga nan dariyarsu kawai nake jiyowa ta katanga.

"Shigo mana, ya Mukhtaru," Wada ya ce. "Ashe hoton nan na majalisar Jahannama ne. Kowa barci yake."

Na ce mutum a wannan hali, ga Ɗakin Allah kusa, Yasin ta fi masa kallon shaiɗanu. Sabo ya sunkuyar da kai. Wada ya juyo gare ni.

"Tayyib, na yarda. Karanta min."

Na fara karatu, Sabo ya sulale ya fita, na kuwa ji daɗin fitarsa har cikin raina. Kafin la'asar rai ya yi halinsa, hannun Wada cikin nawa.

Da muka dawo daga maƙabartar Ma'ala, matarsa Hadijatu ta aiko min da carbinsa, ta ce wasiyya ce. Akwatin madubin kuwa Sabo ya bar wa.

Washegari na hango Sabo a bakin lungu, zaune kan dakali, akwatin a rufe bisa cinyarsa. Da ya gan ni, ya matsa gefe, ya bar wurin zaman mutum ɗaya. Na tsaya daga nan inda nake, 'yan ga-ruwa suna ta wucewa tsakaninmu.