Eriya a Gaban Kujerar Jemima

Ranar da Elvis ya dawo da tsohuwar Fijo 504 ta mahaifinsa daga wurin fenti, rabin layinsu a Mayo Gwoi sai da suka fito kallo. Mota tana ƙyalli kamar sabon kwanon sha, maƙwabta sai sa wa Elvis albarka suke yi. Baba Manasseh kuwa ko murmushi bai yi ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya kafa wa eriyar rediyo ido.

Eriyar dai tasa ce, ga ɗan lanƙwasar nan a samanta tun ranar da reshen mangwaro ya kama ta a hanyar Iware. Amma a gaba take tsaye, gefen dama, dab da gilashi. Shi kuwa tunda ya mallaki motar nan, eriyarta a baya take, gefen hagu, kusa da but.

Lokacin da ya saye ta a Yola, yana sabon ma'aikaci kuma sabon ango, ba rediyo a cikinta. Dillalin da ya sayar masa shi ne zai ɗaura mata, zai kuma huda wa eriya wuri inda ya saba. Har an ɗora bakin mahuji a gaba, amarya Jemima ta ce sam, ita ba za ta zauna daga Yola har Jalingo da sanda a gaban fuskarta ba. Aka yi dariya, aka ƙaro waya, aka kai eriya baya. Jemima ta rasu bara, kuma tun daga ranar Manasseh bai bar kowa ya zauna a kujerarta ba. Fasto ma, duk girmansa, baya yake shigewa.

Elvis ya ce mai fenti ne ya dawo da eriyar gaba, wai rediyo ya fi kamawa a nan. Manasseh ya ja ƙofar direba, wadda sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa, ta rufu tsaf. Elvis ya ce an gyara. Warin cikin fa? Sabuwar rigar kujera ce. Kowace tambaya amsarta tana bakinsa, kuma abin da ya ƙara tayar wa tsohon hankali ke nan. Elvis ɗin da ko gaisuwa sai ya sosa ƙeya, yau shi ne ya zama lauya.

Manasseh ya bari maƙwabta suka watse, sannan ya buɗe but ya zura hannu ta cikin gefen hagu. Mai fenti yana iya toshe huji ya shafe ta waje, amma ta ciki tabo ba ya ɓuya. Ya shafa, ya sake shafawa. Sumul. Ba a taɓa huda ƙarfen nan ba.

"Elvis, ina motata?"

"Baba, shi ne wannan ai."

"Na ce ina motata?"

Elvis ya zauna a dakali, lauyanci ya ƙare. Ya ce da aka kankare tsohon fenti, aka tarar tsatsa ta cinye ƙasan motar, har mai walda ya rasa inda zai kama. Shi kuma bai san da wane baki zai gaya wa mutumin da bai gama kukan matarsa ba. Sai ya bi gari gari har ya samo irinta a Gombe, ya sa aka yi mata launin waccan. Gangar jikin tsohuwar kuwa, masu sayen ƙarfe sun riga sun yanka.

"Kujerar gaba fa?"

Elvis ya sunkuyar da kai. Bai san kujerar ce motar ba. Lamba da eriya kawai ya ciro.

Ran Manasseh ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ya rasa wanda zai yi wa faɗa, don ƙauna ce ta sa ɗan nasa ya yi masa wannan ɓarna. Ya zagaya gefen dama, ya buɗe ƙofa, ya zauna inda bai taɓa zama ba tsawon aurensu. Ya dubi titi ta gilashi. Eriyar nan ta tsaya masa a tsakiyar ido, ta raba layin gida biyu.

Ya daɗe a haka, Elvis yana tsaye bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Ashe da gaskiyarta," Manasseh ya ce a hankali. "Gobe ka nemo mai huji, a mayar mata da ita baya."